Duron na ɗaukar hoto a kan ruwa: wanne ya kamata ka saya, wanne za ka guje wa?

Tun da na saka bidiyon faɗuwar rana da na ɗauka a dam ɗin Tiga, tambaya ɗaya ce take ta shigo min: "Malam, wane duron ne ba ya jin ruwa?" Wasu masu ɗaukar biki ne da ake kira su yi wa ango da amarya hoto a bakin ruwa, wasu kuma sha'awa ce kawai, suna so su ga Challawa ko Gurara daga sama. Bari in amsa wa kowa a wuri ɗaya.

Jiragen nan marasa matuƙi masu kyamara da ake kira duron, waɗanda muke gani a wuraren biki, wato su Mini da Air da Mavic na kamfanin DJI, babu ko ɗaya a cikinsu da aka ƙera don ya jure ruwa. Ko yayyafi littafin da ke zuwa a kwalinsu ya hana a tashe su a ciki. Na'urar da ke jure ruwa da gaske tana da lamba da ke farawa da IP. Idan ka ga IP67, 6 ɗin na nufin ƙura ba ta shiga, 7 ɗin kuma na nufin za ta iya zama cikin ruwa mai zurfin mita 1 har tsawon minti 30. Duk wanda ya ce maka jirginsa ba ya jin ruwa, ka ce ya nuna maka wannan lambar a shafin kamfanin da ya ƙera shi. Rubutun jikin kwali ba hujja ba ne.

Na farkon da na mallaka na hannu ne, na saye shi a wani shago da batir biyu. Ranar da na rasa shi iska a kwance take, ruwan ya yi lumui kamar faranti. Na tura shi wajen mita 300 ina bin wani masunci a kwale-kwale, allon waya yana nuna min saura kashi 41 na caji. Ina kallo lambar ta faɗo 12, kafin in juyo da hancinsa ta koma 3, sai ya fara sauka da kansa. Na danne sandar hawa har babban yatsana ya yi zafi. Abu na ƙarshe da kyamarar ta aiko min shi ne koren ruwa ya cika allon. Masuncin nan, Allah ya saka masa da alheri, ya yi kusan awa ɗaya yana lalube da gora, bai samu komai ba. Da na dawo gida na kai ɗayan batirin wurin mai gyara, ya fasa shi, sai ga ƙwayoyin ciki ba na asali ba ne, an sauya su an manne da gam. Tun daga ranar, idan ana maganar jirgin da za a ɗaga a kan ruwa, batir nake fara tambaya kafin kyamara.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ko ka sayi wanda aka ƙera don ruwa, ko ka sayi na gama-gari ka ɗaura masa abin da zai hana shi nitsewa, ko ka buɗe cikinsa ka shafe fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke ciki, da maganin hana ruwa.

A cikin waɗanda aka ƙera don ruwa, sunan da za ka fi ji shi ne SplashDrone 4 na kamfanin SwellPro da ke ƙasar Sin. Yana da IP67, yana sauka a kan ruwa ya yi iyo, idan ya kife yana iya juyo da kansa, kuma yana ɗaukar kaya har kilo 2, shi ya sa masu kamun kifi a bakin teku suke kai ƙugiya nesa da shi. Jirgi ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai nauyinsa ya haura kilo 2, kuɗinsa da kyamara ya fi na ƙananan DJI guda uku, hotonsa kuma bai kai nasu kyau ba. In farfela ta karye, sai ka yi odarta daga waje ka zauna jira. Idan sana'arka kullum a kan ruwa take, ka duba shi. PowerEgg X da ya fito a 2020 da rigar roba da ƙafafun iyo kuwa, kyamararsa ta bayan roba take leƙe, kayan gyaransa ma ba a samu cikin sauƙi, ni dai na wuce shi.

Shafa maganin hana ruwa, irin na silikon da ake yi wa fanel, dabara ce ta masu haɗa jirginsu da hannu. Yana taimakawa a kan raɓa da feshin ruwa, amma ba ya hana nitsewa, kuma idan ya taɓa ƙaramar na'urar da ke auna tsayi da nauyin iska, jirgin ba zai ƙara sanin inda yake a sama ba. Ga shi da ka kwance shi garanti ya tashi. Ban ba sabon shiga shawarar ya yi ba.

Wanda nake amfani da shi yanzu, kuma wanda nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni, shi ne DJI Mini 3, wanda ya fito a Disambar 2022. Ba Mini 3 Pro ba, ba Mini 4 Pro ba, shi wannan ɗin da mutane ke tsallakewa don suna ganin ƙarami ne a gidan. Ga dalilina. Babban abin da ake biya a na Pro shi ne idanun da ke hango bishiya da bango su kauce. A tsakiyar dam babu bishiya, babu bango. Abin da zai dawo maka da jirginka gaɓa shi ne caji, kuma a nan Mini 3 ya fi su: minti 38 a takarda da batirinsa na yau da kullum, alhali na Pro ɗin biyu minti 34 ne. Idan ka saka masa babban batirin da ake kira Plus, takarda ta ce minti 51. A zahiri, da iska da zafinmu, ka rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma duk da haka ratar tana nan. Girman idon kyamararsa ɗaya ne da na Pro, yana ɗaukar bidiyo mai fita tar na 4K, kuma yana kama haske da kyau a lokacin da rana ta yi ja, wanda shi ne lokacin da ruwa ya fi kyau a hoto. Kyamarar tana juyawa a tsaye, don haka bidiyon TikTok da na sitatus ba sai ka yanke gefe ba. Nauyinsa giram 248, yana shiga ƙaramar jaka ka rataya ka hau babur.

Akwai kuma lissafin da mutane ba sa so su yi. Duk jirgin da ke yawo a kan ruwa, wata rana zai iya tafiya ya bar ka da rimot a hannu. Lokacin da suka fito, Mini 3 da rimot dala 559 ne, Mini 4 Pro kuma dala 759. Gara ka yi asarar ƙarami, rarar kuɗin kuma ka sayi batir na asali guda biyu da gilashin da ke rage ƙyallin ruwa a gaban kyamara. Rauninsa ɗaya da ba zan ɓoye ba shi ne iska. An ce yana jure wadda ta kai mita 10.7 a daƙiƙa, amma jirgi ne marar nauyi, kuma iskar da ke kan buɗaɗɗen ruwa ta fi wadda kake ji a gaɓa. Da hunturu, in na ga ruwan ya fara fitar da farin kumfa a kan igiyarsa, ba na ma buɗe jakar. Air 3 mai giram 720 ya fi shi tsayuwa a iska, amma idan shi ya faɗa, ciwon ya fi yawa.

Su kuma ƙafafun soso da ake ɗaura wa jirgi don ya yi iyo kamar gorar masuntan Argungu, ina da su, amma ba kullum nake sakawa ba. Suna cin caji, iska tana kama su, wasu ma suna tare idon ƙasa. Amfaninsu ɗaya ne: in ya faɗa za ka samu gawarsa da katin da hotunanka ke ciki. Ina saka su ne kawai ranar da zan yi ƙasa-ƙasa kuma akwai kwale-kwale a kusa.

Maganar idon ƙasa tana da muhimmanci. A cikin jirgin akwai ƙaramar kyamara da fitilar da ido ba ya gani, suna kallon ƙasa don ya tsaya cak. A kan ruwa suna ruɗewa, domin ruwa yana motsi kuma yana mayar da hoton sama. Sai ka ga jirgin yana zamewa ko yana yin ƙasa a hankali ba ka taɓa komai ba. Ni ba na sauka ƙasa da mita 5, kuma idona na kan jirgin, ba kan waya kaɗai ba. Ka fita kana fuskantar iska don ta turo ka a dawowa, ka juyo tun caji yana kashi 40. Idan daga cikin kwale-kwale ka tashe shi, ka tuna inda ya tashi ya riƙe a matsayin gida. Kwale-kwalen ya matsa, shi kuma in sadarwa ta yanke can zai koma ya sauka a ruwa. Ka riƙa sabunta masa wurin dawowa. Ka kuma kula da shirwa, tana kai masa hari. In ta taso, yi sama da sauri sannan ka nufo gaɓa.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, ɗan uwa, domin yawancin jiragen da ke nitsewa tun a shago aka nitsar da su.

Na farko, jiragen wasan yara da ake tallatawa a Facebook da hoton jirgi yana ratsa ruwan sama, an rubuta 8K da manyan baƙaƙe, farashi kuma bai kai na batir ɗin Mini ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Yawancinsu ba su da GPS, ba su da mariƙin da ke daidaita kyamara, cajinsu ba ya kai minti 10, iska kaɗan ta kwashe su. Bidiyon da ke cikin tallar ma da wani jirgin aka ɗauka.

Na biyu, kuma mafi haɗari, jirgin da ya taɓa shan ruwa aka busar aka goge aka kawo kasuwa a matsayin na hannu mai tsabta. Zai tashi lafiya a gaban shago, tsatsa kuwa tana cin fanel a hankali, sai bayan sati uku ya mutu a sama. Ka je da tocila. Cire batir ka haska ramin: in ka ga fari-fari ko kore-kore a kan ƙarafunan da batir ke taɓawa, ajiye shi. Dubi kan kusoshi, ko sun yi tsatsa ko bakinsu ya cinye alamar an sha kwancewa. Juya kowace mota da yatsa. Ta lafiya tana juyawa sumul, wadda ta sha ruwa za ka ji kamar da yashi a ciki. Haska gilashin kyamara ka nemi tabon hazo ta ciki. Ka sansana ramin batir ma, warin damshi ba ya ɓuya.

Na uku, batir. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ni a nan aka sare ni. Batirin Mini 3 na asali 2453 mAh ne (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ke nan), nauyinsa wajen giram 80, na Plus kuma 3850 mAh, wajen giram 121. Ka ari ma'aunin masu sayar da zinare ko na kicin ka ɗora. Ka duba gefensa ko akwai alamar an ɓare an manne. Ka ajiye shi a kan tebur, in yana lilo ya kumbura. Manhajar DJI Fly tana nuna sau nawa aka yi cajinsa, amma masu sauya ƙwayoyi sun iya mayar da wannan lissafin baya, don haka kada ka tsaya a nan. Gwajin da na yarda da shi guda ɗaya ne: a cika shi, a ɗaga jirgin a fili ya tsaya wuri ɗaya, ka zuba wa lambar ido har ta sauko 15. Ta lafiya tana sauka ɗaya bayan ɗaya. In ta yi tsalle, ko mai shago ya ce ba shi da lokacin wannan gwajin, ka ɗauki kuɗinka ka tafi.

Na huɗu, ka tabbata mai shi na farko ya cire jirgin daga asusunsa na DJI a gabanka, ka ɗaure shi da naka. Kuma kada wani ya ƙara maka kuɗi da sunan inshorar DJI Care Refresh. Gaskiya ne tana biyan lalacewar ruwa, amma tana aiki ne a yankin da aka saye ta, kuma sai an aika musu jirgin can.

Kafin ka nufi kowane dam ko gada, ka sani a 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta ce ba a ɗaga irin waɗannan jirage a Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dam wuri ne da ake gadi, ka fara gabatar da kanka ga jami'an da ke wurin, ka gaisa da sarkin ruwa da masunta, don su ne za su shiga nemo maka shi.

In kuwa ƙaddara ta faɗa kuma aka ciro shi, kada ka kunna don ka ga ko yana aiki. Cire batirin nan take ka ajiye shi a waje kan yashi, nesa da ɗaki, kada ka sake cajinsa domin yana iya kamawa da wuta. Zare katin hotuna. Ɗauraye laka da ruwa mai tsabta, ka manta da maganar binne shi a shinkafa, ka kai wa mai gyaran waya da ka yarda da shi a ranar, ya buɗe ya wanke fanel ɗin da sifirit mai ƙarfi, a bar shi ya bushe kwana biyu ko uku kafin a saka masa wani batirin.