Hattara da mai "buɗe bututun mahaifa" ta waya

'Yan uwa mata, don Allah ku tsaya ku karanta. Akwai wata mata da ke tallar maganin buɗe bututun mahaifa "cikin kwana 21" a Facebook da WhatsApp, kuma ƙanwata ta faɗa hannunta. Ko ganinta ba ta taɓa yi ba. Tambaya uku ta yi mata ta saƙon murya: shekara nawa da aure, tana ciwon mara, tana ganin farin ruwa? Shi ke nan ta yanke hukunci wai bututun biyu duk sun toshe.

Aka aiko da garin sha da wasu ƙulle-ƙulle na matsi. Kwana uku wani baƙin abu mai wari ya fara fita. Ta tura hoto, matar ta ce "Alhamdulillah, dattin ne, ki sayi zagaye na biyu." Ashe fatar wurin ce ke saɓulewa. Da zazzaɓi muka kai ta asibiti, ita kuwa mai maganin lambarmu ta toshe.

Toshewar bututu ba a gane ta da baki. Gwajin HSG ake yi, a zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoton X-ray a ga ko ya wuce. Shi ma wani lokaci bututun ne ke tsukewa ya nuna kamar toshewa, sai likita ya maimaita ko ya leƙa da kyamara ta cibiya. Galibi tabo ne da ciwon sanyi irin su kilamidiya ko gonoriya ya bari, ko wata tsohuwar tiyata. To wane gari ne zai narkar da tabo?

Hanyoyin gaskiya suna nan. Idan ɗaya a buɗe yake, ciki na iya shiga. Wasu a gyara da tiyata, sai dai a kula da cikin da kan zauna a bututu, don yana da haɗari. Idan bututun ya cika da ruwa, akan cire shi ko a ɗaure kafin IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a saka a mahaifa, wanda ba ya buƙatar bututu sam. Louise Brown, jaririyar farko ta IVF da aka haifa a Ingila a 1978, toshewar bututu ce matsalar mahaifiyarta. Kuma a gwada maniyyin maigida, abin da matar nan ko ambata ba ta yi ba.

Wata bakwai ƙanwata ta yi asara, tana shekara 36. Matar tana canza sunan shafi, amma hotunan gwajin ciki da take likawa ba su canzawa. Wadda ta gani ta kai ƙarar shafin, kada ta tura ko sisi.