Giwar katako ta jiƙa min shaddar Sallah

Ranar Babbar Sallah muna saukowa daga idi, wani ɗan Marwa da muke aiki tare a nan birnin Nant na ƙasar Faransa ya ce mu je shan iska bakin kogin Luwar. Ina cikin sabuwar shaddar da Hajiyarmu ta aiko min daga garinmu Garwa a Kamaru, ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Muna tafe muna hira sai na ji ƙara kamar an busa kakaki a bayana. Kafin in waiga, ruwa ya wanke ni tun daga hula har takalmi.

Giwa ce, jama'a. Giwar katako da ƙarfe mai tsayin mita 12, ɗauke da mutum kusan 50, tana takawa a hankali tana kaɗa kunne tana fesa ruwa ta hanci. 'Ya'yan Nasara sai bin ta suke suna ihu don ta jiƙa su. Ni kuwa na tsaya tsamo-tsamo, abokina har da riƙe ciki don dariya. Wata tsohuwa ta miƙo min hankici, ta ce haka take yi wa kowa tun 2007. Ni da na ga giwar gaske a gandun dajin Waza ban gudu ba, yau ta katako ta ci min mutunci.

Da na zauna shan hantsi don in bushe, na ƙare wa wurin kallo. Nan ne ake ƙera jiragen ruwa har 1987, lokacin da aka rufe masana'antar, ma'aikata suka watse. Filin ya yi shekaru a yashe kafin hukumar gari ta mai da shi wurin hutawa. Ba su share komai ba. Wani ƙaton injin ɗaga kaya mai ruwan ɗorawa yana nan tsaye ya sha fenti. Gangaren simintin da ake tura jirgi cikin ruwa yana nan, an dasa furanni kusa da shi. Rumbun da ake nunar da ayabar Gine ya koma gidajen abinci. Hawa giwa da kuɗi ne. Zama da yawo kyauta, ba mai tare ka ya ce kawo na goro.

Sai tashar jirgin ruwanmu ta Garwa ta faɗo min a rai. Baba ya sha ba mu labarin yadda jirage ke hawowa Binuwai daga Najeriya da damina, su sauke gishiri da siminti, su ɗebi auduga da gyaɗa. Tun da aka datse kogin a Lagdo a 1982, ga yashi ya cike hanya, kun fi ni sanin halin da wurin yake ciki. Da injin ɗaga kayan nan a wajenmu yake, wallahi da tuni 'yan gwangwan sun yanka shi sun auna a kilo. Mu da ke da dorinar gaske a bakin gada, me muka tanadar wa mai zuwa kallonta? Ko benci ɗaya. Sai leda, sai sharar da muke kaiwa da hannunmu don ruwa ya tafi da ita, sannan mu ce laifin gwamnati ne.

Kada ku ce na zama Bafaranshe. La'asar ta yi na rasa inda zan yi alwala, bayan gidan ba buta, karnuka kuma ko'ina cikin ciyawa. Shayi ɗan kofi yuro 3, kusan sefa 2,000, ga shi salam kamar ruwan wanke kofi. Kogin kansa ba mai wanki, ba mai su da koma, kowa kallonsa yake kamar talabijin. Da akwai mai soya kifin Lagdo ko ɗaya a bakin ruwan nan, da na yafe wa giwar.

Shaddar ta bushe amma ƙyallin ya tafi. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya kai wa Hajiya labari.