Kifin zebra ko aksolotul: wanne zai yi aiki a Legas?

Wani ɗan'uwa a zauren nan, ɗalibin digiri na biyu da ke zaune a Idi-Araba ta Legas, ya tambaya: yana son yin bincike kan yadda ƙwaƙwalwa ke gyara kanta bayan rauni, wata goma sha biyu kawai gare shi, kuɗin kuma kaɗan ne. Shin kifin zebra zai ɗauka ko aksolotul?

Malam, amsarmu kifin zebra ce, kuma dalilin farko ba a ƙwaƙwalwa yake ba, a zafin ruwa yake. Kifin zebra ɗan kudancin Asiya ne, Indiya da Bangaladesh, ana kiwonsa a ɗakin bincike a digiri 28.5, ƙwansa kuma yana girma lafiya tsakanin 25 da 33. Kusan zafin ɗakinka ke nan ba tare da ka kunna komai ba. Aksolotul kuwa, wato dabbar ruwan nan dangin kwaɗo mai siffar ƙadangare, asalinsa tafkin Xochimilco ne a tsaunin birnin Meziko, yana son digiri 16 zuwa 18. Ruwa ya wuce 24 ya daɗe, sai ya daina cin abinci, farin fumfuna ya kama fatarsa, ya mutu. A Legas wannan na nufin na'urar sanyaya ruwa dare da rana. Wuta ta ɗauke daren Juma'a a watan Maris, janareta bai tashi ba, ranar Litinin gawarwaki za ka tarar. Shi kifi abin da yake buƙata idan wuta ta tafi famfon iska ne mai batir, don ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai.

Sai lokaci. Kifin zebra yana balaga cikin wata uku, mace ɗaya tana zuba ƙwai ɗari zuwa ɗari uku a mako idan an tsare hasken awa 14 da duhun awa 10. Aksolotul sai ya kai shekara ko fiye. Ga kuma batun shigo da shi: yana dab da ƙarewa a mazauninsa na asali, cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, takardu kaɗai za su ci maka watanni.

Amma kada mu zalunci aksolotul, domin tambayoyin da dabbobin biyu ke amsawa ba ɗaya ba ne. A kifi, abin da aka saba yi huda ne. Ana sumar da shi a tirikain, gram 0.2 cikin lita ɗaya ta ruwa, a kwantar da shi cikin tsagar jiƙaƙƙen soso, a zura siririyar allura mai lamba 30 ta ƙofar hanci ɗaya har cikin ɓari guda na gaban ƙwaƙwalwa, a mayar da shi ruwa mai tsabta nan take. Ƙwayoyin giliya, wato masu tallafa wa ƙwayoyin jijiya, da ke shimfiɗe a bakin ramin ƙwaƙwalwa sai su fara rarrabuwa, abin ya yi ƙarfi daga wajen kwana na uku, 'ya'yansu su taka zuwa wurin raunin su zama sababbin ƙwayoyin jijiya. Cikin makonni kaɗan da ƙyar za ka gane inda allurar ta bi, kuma babu tabon dindindin irin na ɓera da mutum. Masu bincike a Dresden ta Jamus ne suka bi sawun waɗannan ƙwayoyin a 2011, a 2012 kuma suka nuna cewa kumburin da ke biyo bayan raunin shi ne ke tayar da gyaran: da aka danne shi da deksametason, sababbin ƙwayoyi suka ragu. Wannan kyakkyawar ƙofa ce ga ɗalibi mai ƙaramin aljihu, musamman mai son gwada wani sinadarin tsiro da ake cewa yana rage kumburi.

A aksolotul kuwa ana yanke gutsuren ƙwaƙwalwa ne ɗungurungum a cire, a jira wata biyu zuwa uku ya cike. Dabba ce mai ƙafa huɗu, ta fi kifi kusa da mu. Wani aiki na 2016 ya nuna cewa ire-iren ƙwayoyin jijiyar da aka cire suna dawowa, amma tsarin zamansu da dogayen igiyoyin da ke haɗa su da nesa ba su koma yadda suke ba. Mai son sanin ko ƙwaƙwalwar da ta sake tsirowa tana sake ɗaura wayoyinta daidai, aksolotul ne dabbarsa. Sai dai kundin gadon aksolotul, wato cikakken jerin DNA ɗinsa, wanda aka fitar a 2018, ya kai harafi biliyan 32, kusan ninki goma na mutum, alhali na kifin bai kai biliyan biyu ba, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna da takwara a kifin.

In ka tsaya kan kifi, ga inda aiki yakan lalace. Tirikain yana da tsami, in ba ka daidaita shi zuwa pH 7 da bikabonet ba, kifin zai wahala kafin ya suma, wasu ba za su farfaɗo ba. Ruwan famfo yana iya ɗauke da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma a auna tsaminsa da ƙarfen da ke cikinsa, a unguwannin bakin teku har da gishiri. Sabon tanki a bar shi makonni kafin a cika shi da kifi, in ba haka ba amoniya daga kashinsu za ta kashe su. Abin da ya fi damunmu shi ne kifin shagon masu sayar da kifin ado. Ba ka san shekarunsa ba, gyaran ƙwaƙwalwa kuwa yana raguwa da tsufa. Yana kuma iya zuwa da wata cuta, Pseudoloma neurophilia, wadda mazauninta ƙwaƙwalwa ne da laka, ta kawo kumburin da za ka ɗauka na allurarka ne. Don haka in da hali a nemi ƙwai daga ɗakin binciken da ya san asalin kifinsa. In babu, a keɓe na shago, a hayayyafa su, a wanke ƙwan, a yi aiki da 'ya'yan da kai ka san ranar haihuwarsu.

Wurin ƙirga ma a yi hattara. Ganin ƙwayoyi suna rarrabuwa bai isa a ce an samu sababbin jijiyoyi ba, domin ƙwayoyin garkuwar jiki ma suna taruwa a raunin. Ka ba da EdU, sinadarin da ke yi wa ƙwayoyi masu rarrabuwa alama, bayan hudar, sannan ka nuna cewa ƙwayar da ta ɗauke shi tana kuma ɗauke da alamar HuC/D, wadda ke nuna ƙwayar jijiya ce. Kada ka dogara da ɓarin da ba a huda ba kaɗai a matsayin ma'auni. Ajiye wasu kifayen da aka sumar ba a taɓa su ba. Takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kan dabbobi kuma ta riga allurar farko.

In malaminka ya dage sai dangin kwaɗo, akwai na gida. Xenopus tropicalis ɗan dazukan Afirka ta Yamma ne, yana son ruwa mai ɗumi, kuma kundin gadonsa da aka wallafa a 2010 daga zuriyar da aka ɗauko a Najeriya aka karanta shi. Talibambam na dangin Xenopus yana haɗe lakarsa idan an yanke ta, amma da ya rikiɗe ya zama kwaɗo sai baiwar ta tafi, don haka cikin dabba ɗaya kana da mai warkewa da mara warkewa da za ka kwatanta.