Wane yasmin za ka saya a Kaduna?

Ka tsaya wajen masu sayar da furanni na bakin titi ka ce yasmin kake nema, sai a jero maka tsiro uku ko huɗu cikin baƙar leda, kuma ba dukansu ne yasmin na ainihi ba.

Wanda ya fi dacewa da garin nan shi ne sambak, ɗan asalin kudancin Asiya, wanda Filifin ta ɗauka a matsayin furen ƙasa. Zafin Maris da Afrilu ba ya damunsa, a lokacin ma yake fara toho. Iri biyu aka fi sani. Maid of Orleans furensa falle ɗaya ne, fari ƙal, kwana guda yake yi ya faɗi, amma kafin ka share wani ya buɗe, haka har ƙarshen damina. Grand Duke of Tuscany kuwa furensa ninki-ninki ne kamar ƙaramar wardi, ya fi ɗaukar ido, sai dai nawa gare shi, wajen girma da wajen fure duka. In yau ka fara shuka, ɗauki mai falle ɗaya. Grand Duke na mai haƙuri ne.

Wanda ake gani a hotunan intanet ya lulluɓe katanga da toho ruwan hoda, wato polyanthum, ɗan ƙasar Sin ne, kuma sai ya sha makonni na sanyin dare sosai yake fure. A Jos ana iya gwadawa. A Barnawa ko Kawo yawanci ganye kawai za ka yi ta shayarwa.

Sai 'yan aron suna, waɗanda ake ce wa yasmin alhali ba shi ba ne. Queen of the Night ƙamshinsa da dare na cika tsakar gida har ya hau wa wasu kai, kuma ganyensa da 'ya'yansa guba ne, don haka gidan da ke da yara ƙanana ko awaki gara a haƙura. Murraya dangin lemo ce, ta fi amfani wajen shinge.

Ka je saye da yamma liƙis, lokacin da tohon sambak ke buɗewa, hancinka ya yi maka shaida. Kada tsawo ya ruɗe ka: gajere mai rassa da yawa ya fi dogo sanda ɗaya, domin a kan sabon reshe yake fure. Juya ganyen ka duba bayansa; in ka ga fari-fari kamar auduga, ƙwari ne, ajiye shi. Ɗaga ledar kuma. Idan saiwa ta huda ta har ta kama ƙasa aka tsinke, zai sha wuya kafin ya farfaɗo. Mayu zuwa Yuni ne lokacin dasawa, ruwan sama ya taya ka raino.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, don ruwa ba ya kwanciya a cikinta lokacin malkar Agusta, amma da hunturu tana saurin bushewa. Ko wacce ka zaɓa, a huda gindinta. Jar ƙasar nan tamu daskarewa take yi, sai an gauraya ta da yashi da kashin shanu da ya ruɓe sarai.

Masu kukan "ya yi kore shar amma ba fure" yawanci abu biyu ke cinsu: inuwa da yuriya. Yana buƙatar rana kamar awa 6, ba ƙarƙashin mangwaro ba. Yuriya kuwa ganye take ƙarawa. Ɗan NPK 15-15-15 sau ɗaya a wata da damina ya wadatar, a zuba nesa da gindi a bi da ruwa. Da hunturu a daina taki, a rage ban ruwa, a riƙa wanke ƙurar da ta hau ganye. Wajen ƙarshen Fabrairu a datse kamar kashi ɗaya cikin uku na rassan, sannan duk lokacin da zubin fure ya wuce a ƙara tsinke kawunansu.