Wata takwas da Yashica mai ido biyu a Kumasi

A wani lungu na Alabar na tsince ta, cikin wani shagon hoto da ya daɗe a rufe tun rasuwar mai shi. 'Ya'yan marigayin sun yanke shawarar mayar da wurin shagon kayan waya, suna ta fitar da tarkace waje: fitilu masu tsatsa, benci mai ƙafa uku, da tsohon labulen nan mai zanen falo da firiji da talabijin, wanda iyayenmu kan tsaya gabansa a ɗauke su kamar a gidansu ne. Wani abokina da ya san ciwona ya buga mini waya, ya ce in ajiye abin da nake yi in hau pragya, wato keke mai ƙafa uku, in zo. Ciwon nawa kuwa tara tsofaffin kyamarori ne. Ina da Zenit-E ta Tarayyar Sobiyat mai nauyin dutsen guga, da Pentax K1000, da wata Agfa mai zugazugi irin na maƙera, da Kodak Brownie guda. Rabinsu ba sa motsi. Matata maƙabarta take kiran kantar da na jera su.

Ita wannan Yashica Mat-124G ce, baƙa wuluk, tana kwance cikin gidanta na fata da ya fara ɓantarewa. Babban ɗan ya rantse mini lafiyarta lau. "Wallahi Malam, da ita Baba ya aurar da mu duka," in ji shi. Na juya hannunta, na danna, na ji ta ce ƙis, sai zumuɗi ya kwashe ni na tura masa kuɗi ta MoMo. Ban buɗe bayanta na haska idonta da tocila ba, ni da nake yi wa wasu wa'azin haka. Sai da na isa gida Aboabo na haska, na ga wasu fararen zare-zare sun yi sheƙa a cikin gilashin kamar yanar gizo-gizo. Fumfuna ce.

Ga wanda bai taɓa ganin irinta ba, akwati ce a tsaye mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na sama naka ne, da shi kake gani, na ƙasa kuma shi ke kai haske ga fim. Ba a kara ta a fuska. A ciki kake riƙe ta, ka buɗe murfin sama, ka sunkuya ka leƙa wani gilashi mai kusurwa huɗu inda duniyar gabanka take bayyana. Wannan siffa Jamusawa ne suka yi suna da ita, da Rolleiflex ɗin da kamfanin Franke & Heidecke ya fitar a birnin Braunschweig a 1929, Japanawa suka zo daga baya suka kwaikwaya da araha. An yi ta ƙera wannan samfurin na Yashica daga 1970 har 1986, shi ya sa ba ta da wuyar samu kamar uwar tata. Wajen lokacin da Yashicar ta fito ne James Barnor, mai shagon Ever Young na Jamestown, ya dawo daga Ingila ya kafa wurin wankin hoto mai kala na farko a Accra. Kuma ina jin daɗin tuna wa masu cewa hoto baƙo ne a wurinmu cewa shagon Deo Gratias na nan Jamestown tun 1922 yake, ya girmi Rolleiflex ɗin kanta da shekara bakwai.

Neman mai gyara ya fi sayen wahala. Wani yaro mai gyaran waya a Kejetia ya karɓe ta, ya jujjuya, ya miƙa hannu ya ɗauko sukurudireba da kwalbar gam. Ban san lokacin da na fizge ta ba. A ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo Bazabarme a Adum, ƙarƙashin matakalar wani bene, wanda yanzu agogo yake gyarawa amma a da masu hoto ne ke layi a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Bai ce komai ba sai da ya kai ta kunne ya danna shota, wato marfin da ke buɗe wa fim haske, a daƙiƙa ɗaya, ya saurari yadda take jan ƙafa.

"Ɗana, a ina aka ajiye ta?"

"Cikin gidanta na fata, Baba, a durowa."

Ya girgiza kai. "Fatar ce ta cuce ta. Kumasi ba Kano ba ce. Can ƙura ke kashe kyamara, nan raɓa ce."

Ya ce in dawo bayan mako ɗaya. Mako uku ta yi. Wayarsa ba ta shiga, in ta shiga ba ya ɗauka, rasit kuwa ko maganarsa ba a yi. Sau biyu ina zuwa in tarar ya tafi jana'iza. Wannan shi ne aibin aikinsa, kuma na faɗa ne don kada wani ya kai masa kyamara ana jibi biki. Amma aikin kansa ban ga abin kushewa ba. Ya kwance gilashin baya ya wanke fumfunar, sai wani ɗan tabo a gefe da ta riga ta cinye, ya nuna mini shi da kansa tun kafin in tambaya. Soson da ke toshe haske a bakin ƙofar fim ya narke ya zama kamar kwalta, ya kankare shi ya shimfiɗa baƙin zaren ulu a madadinsa. Ya wanke cikin shotar har daƙiƙa ɗaya ta koma daƙiƙa ɗaya. Sannan ya nuna mini wani ɗan maɓalli mai M da X, ya ce in yana kan M na kuskura na ja abin jinkirta shota don mutum ya ɗauki kansa, shotar za ta cije, kuma shi ba zai sake kwance ta ba. Bai yarda da ni ba ma, sai ya soka tsinken ashana ya tokare shi a kan X. Tsinken yana nan har yau. Kuɗin da ya caje ni bai kai na buhun shinkafa ba.

Fim na farko abin dariya ne. A cikin gilashin leƙawa dama hagu ce, hagu dama. Mutum ya gusa nan, kai ka bi shi can. Na tsaya a bakin Babban Masallaci ranar Juma'a ina lilo kamar mai jiri, yara suna ta kallona. Sai da na ɓata fim biyu hannuna ya saba. Akwai kuma tarkon da ido biyun ke ɗanawa: da yake na sama yana gani daga bisa na ƙasa, in ka matso kusa, abin da ka gani ba shi ne daidai abin da fim ya gani ba. Rolleiflex tana da dabarar gyara wannan, Yashica ba ta da ita. Haka na tsaya taku biyu daga kawuna ranar suna, ya sha babbar riga da sabuwar hula, hoto ya fito na sare hular daga tsakiya. Har yanzu bai daina yi mini gori ba. Kusa da mita ɗaya kuwa ba ta saiti sam, kada ma a gwada.

Mitar hasken da ke goshinta ado ce kawai a yau. An yi ta ne don batir mai zaiba na volt 1.35, wanda aka daina yi saboda guba. In ka sa na zamani mai 1.5 allurar za ta motsa, amma ƙarya za ta yi maka. Wasu na sa batirin na'urar taimakon ji, sai dai ba ya daɗewa. Ni na haƙura da ita, na koma ƙa'idar tsofaffin masu hoto: in rana ta take, ƙofar haske a 16, gudun shota daidai da lambar ƙarfin fim wajen kama haske, in hadari ya haɗo ka buɗe ƙofar mataki biyu. In na shiga ɗaki sai in auna da waya. Gudunta na ƙarshe 1/500 ne, da fim mai lamba 400 a ranar Kumasi ta tsakar rana da ƙyar yake isa. Hannun naɗe fim kuma ƙara yake kamar ƙaramin injin markaɗe, haƙoran cikinsa ba su da ƙwarin na Jamus. Baba mai gyara ya ce in riƙa juya shi kamar mai shafa kan jariri.

To me ya sa ban mayar da ita maƙabarta ba? Na farko dai idon. Yashinon ne mai milimita 80, ƙofarsa mafi faɗi 3.5, gilasai huɗu a tsarin Tessar da Paul Rudolph ya ƙirƙiro wa kamfanin Zeiss a 1902. A buɗe yana ɗan laushi a gefe, amma ka kai shi 8 ko 11 ka ga aiki. Nagatif ɗin santimita 6 ne kowane gefe, girman filinsa ya ninka na ƙaramin fim ɗin da muka saba sau uku da rabi. Na ɗauki wani mai saƙar hula a Asawase, da aka buga hoton babba ana iya ƙirga zaren ɗinkin. Rana kawai idon ba ya so a gabansa, in ka fuskance ta hoton sai ya yi hazo kamar safiyar hunturu, dole sai da 'yar rumfar da ake maƙala wa ido.

Na biyu shi ne abin da ban yi tsammani ba, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Kakata ba ta yarda a nuna ta da waya. Da ka ɗaga sai ta ja mayafi ta juya baya, ta ce ba za a kai ta intanet ba. Ranar ƙaramar Sallah na shiga da Yashica a wuya. Ta dube ta, ta ce irin wannan ce aka ɗauke ta da ita shekarar da ta je Accra, wadda ita har gobe Ankara take ce mata. Ta ce in jira. Ta shiga ɗaki ta sake zane, ta sa kwalli, ta sa aka fito mata da kujera tsakar gida, ta zauna ta ɗora hannuwa bisa gwiwa. Ni kuma na tsaya gabanta, kaina a sunkuye, ina murza saiti.

"Maigida, wannan ruku'u naka ba ya ƙarewa ne?"

Kowa ya fashe da dariya, ita ma ta yi, a nan na danna. Shotar ba ta da amo, ba ta ma san na ɗauka ba.

Daga baya na yi ta tunanin abin. A tarbiyyarmu yaro ba ya zuba wa babba ido. Waya da kyamarar zamani kuwa dole ka ɗaga su saitin fuskar mutum, ka ƙura masa ido ta cikinsu kamar mai harbi. Da wannan kanka a ƙasa yake, kamar mai gaisuwa, kuma tana kallon mutum daga daidai ƙirjinka, sai ya fito da kwarjini. Na gwada da dattawan majalisar bakin masallacinmu, waɗanda suka sha korar samari masu waya. Babu wanda ya ƙi. Ɗaya ma cewa ya yi in tsaya ya gyara rawani.

Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Fim ɗin da take ci, mai lambar girma 120, Kodak ce ta fito da shi tun 1901 kuma har yau ana yin sa, amma hoto 12 kacal ke cikin naɗi ɗaya. An yi ta da ta ci mai lamba 220 ma, mai hoto 24, sai dai shi ya kusa ɓacewa daga kasuwa. Ni ban samu 120 a shagunan da na zaga a Kumasi ba. Ƙanina da ke Jamus ke aiko mini da Ilford HP5 Plus da Fomapan in wani zai zo gida. Sau ɗaya na saya a hannun wani mai talla a intanet, ya aiko mini ta motar Accra, ashe ya daɗe da wuce wa'adi kuma ya sha zafi, hotunan wani ɗaurin aure duka suka fito toka-toka. Na kira shi, ya ce kyamarata ce tsohuwa.

Wanki ma da kaina nake yi, baƙi da fari kawai, a banɗaki da dare. Rodinal nake amfani da shi, maganin wanki da ke nan tun 1891, don kwalba ɗaya tana daɗewa ba ta lalace ba. Matsalar ita ce ruwan yana son ya tsaya a digiri 20, ruwan famfonmu kuwa ya wuce nan nesa, sai na sayi ƙanƙara wurin maƙwabciyarmu mai sayar da fiya wata ina jefawa ina aunawa. In an ɗauke wuta firijinta ya huce, wanki ya ɗagu ke nan. Da hunturu ƙura ke manne wa fim yana shanya, da damina kuma fargabar fumfuna. Yanzu na raba ta da gidan fatar, tana kwana cikin robar abinci mai murfi tare da ƙullin ƙwayoyin nan masu shanye raɓa da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, kuma duk mako nakan fito da ita ta sha haske.

Wanda yake son hoton biki ɗari uku kafin la'asar, ko na yara suna guje-guje, ya riƙe wayarsa. Wanda zai saya duk da haka, ya tafi da tocila, ya buɗe bayanta, ya sa shota a B, inda take tsayawa a buɗe, ya danne, ya leƙa ta cikin idon ƙasa kafin ya taɓa aljihu, sannan ya tabbata ya san inda zai kai ta gyara. Baban Adum ya tsufa, kuma ban ga yaro ko ɗaya zaune kusa da shi yana koyo ba.

Cikin wata takwas naɗi tara na ɗauka, hoto 108 ke nan, waɗanda zan iya nuna wa mutane ba su wuce 30 ba. Na kakata na buga shi babba na kai mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce na sa ta tsufa, sannan ta ɗaga katifa ta tura shi ƙarƙashi. Shekaranjiya ta aiko a ce mini tana son guda biyu ƙari, ɗaya na 'yarta da ke Tamale, ɗaya na ƙaninta a Yamai. Naɗi ɗaya ya rage mini a firiji, cikin leda, kusa da barkonon matata, na ajiye shi sai Babbar Sallah.