Rigar nono: sabuwa ko ta gwanjo?

Ƴan uwa mata kullum sai an tambaye ni wacce ta fi, to ga abin da na sani. Wajen kuɗi gwanjo ta fi sauƙi, kuma in kin iya tono kina samun mai ƙwari wadda za ta daɗe. Amma dole ki ja robar baya ki gani, in ta saki ki aje ta, ki duba ƙarfen ƙasan kofi kar ya riƙa sukar ki, sannan a wanke sosai a shanya a rana kafin a sa.

Sabuwa ta shago hankali kwance wajen tsafta, sai dai masu arha soso ne kawai, da zafin Maradi wallahi gumi ya ishe ki, ga kunyar gwadawa in namiji ne mai shagon. Lambobi ma suna ruɗa mutane, 90 ta Faransa ita ce 34 ta Ingila, shi ya sa gara tela mace ta auna ki tukuna.

Mai babban ƙirji da ƙaramin ƙarfi ta leƙa gwanjo. Amarya, mai shayarwa da mai saurin ƙaiƙayi su sayi sabuwa ta auduga.