Cefanen ganye a Kuala Lumpur

Yaya Hajiya ina wuni, ya yara ya hidima? Kin ce in ba ki labarin abin da muke ci a nan Malesiya, to wallahi ganye ne kan gaba, mutanen nan ba sa zama cin shinkafa babu kore a gefe.

Wanda na fi saye shi ne kangkung. Karansa kamar bututu yake, ciki fayau ba komai, ganyen siriri mai tsini, a ruwa ko ƙasa mai laima yake fitowa kuma wata ɗaya ya isa a yanka, in an yanka ya sake tohowa. Ba sa dafa shi ya yi lugub irin yadda muke wa alayyahu a miyar taushe, a'a, kasko ne za a ɗora ya yi zafi jau, a zuba mai da tafarnuwa da barkono da belacan (wani dunƙulen jatan lande ne da aka bari ya ruɓa, warinsa sak daddawa), a watsa ganyen a juya minti biyu an sauke, kina tauna karan kina jin ƙaras ƙaras. Akwai pak choy da sawi (ganyaye ne dangin kabeji), har alayyahunmu akwai, bayam suke ce masa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda kayan ke isowa da ransu. Da yawa daga tsaunukan Cameron Highlands ake kawowa, in kin shiga babban kantin Mydin za ki tarar an jera a wajen sanyi cikin leda da kuɗi a jiki, a kasuwar Chow Kit kuwa ɗauri ɗauri ne ana yayyafa ruwa, kuma ko mai ƙaramin tebur sai ki ga ya rataya QR (wata lamba ce da ake haskawa da kyamarar waya) ki biya da waya ba rigimar canji. Sai in tuna 'yan gwari na kasuwar Yankaba a Kano, mutum ya sha wahalar ban ruwa a fadama amma kafin la'asar ganye ya yi yaushi ya sayar a wulaƙance. Wannan asarar tana min ciwo sosai, don manomanmu ba su gaza ba, wajen ajiya mai sanyi ne babu.

Kuka dai ban taɓa cin karo da ita ba, don Allah in mai tahowa ya samu ki haɗo min da ita da daddawa da busasshiyar kuɓewa. A gaida Inna.